Yadda ake gyara wuraren baƙi a kurmin da jama'a suka yi wa yawa ba tare da an kashe itatuwan ba

Duk wanda aka ɗora wa aikin gyaran wuraren baƙi a wani kurmi da ya yi suna cikin gandun daji na ƙasa, abin da ke fara zuwa masa a rai shi ne a faɗaɗa fakin, a zuba kwalta har gindin babbar bishiyar da kowa ke zuwa gani, a yi ƙaton gini mai gilashi. Ni kam wannan tunanin shi nake so a fara ajiyewa gefe, don galibin gyaran da ya yi kyau a duniya janye kaya aka yi daga cikin kurmin aka kai su bakinsa, ba ƙara cusa su aka yi ba.

Kafin a kira ɗan kwangila ko mai zane, a fara zuwa a zauna a wurin tukuna, ba sau ɗaya ba, a je ranar da aka fi cika, a je ranar da ba kowa, a je kuma lokacin da ake tsuga ruwan sama. Wannan ta ƙarshen ita ce mutane ke tsallakewa alhali ita ta fi koyarwa, don a lokacin ne za ka ga inda ruwa ke kwanciya, inda yake bin hanyar ƙafa yana cinye ta, da inda tsohuwar kwalta ta tare masa hanya. A ƙirga mutane kuma, ba da ƙiyasi ba, akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa jikin turke tana ƙirga duk wanda ya gifta, in ba ta samu ba a sa ma'aikaci da littafi a bakin ƙofa. Abin da ake nema ba jimillar shekara kaɗai ba ne, awa nawa ce ta fi cunkoso kuma mutum nawa ne a ciki a wannan awar, domin da wannan adadin za a auna yawan banɗaki da faɗin hanya da yawan motocin jigila.

Sai a duba ƙasa. Ka je gindin bishiyar da aka fi ɗaukar hoto ka durƙusa, za ka tarar ba ciyawa ba ganye, ƙasar ta danƙare ta yi tauri kamar daɓe, saiwoyin sun fito fili har sun yi sulɓi saboda takun takalma, in ka zuba ruwa sai ya gangara bai shiga ba. To wannan shi ne asalin ciwon. Mutane na ɗauka saiwar babbar bishiya can ƙasa take nitsewa, alhali mafi yawan ƙananan saiwoyin da ke shan ruwa suna sama-sama ne, ba su wuce kamu biyu zuwa uku ba, kuma suna bazuwa nesa da gindin, wani lokaci har su wuce inda rassa suka tsaya. In ƙasa ta danƙare iska ba ta shiga, ruwa ba ya shiga, bishiyar ba za ta mutu yau ba, a hankali za ta riƙa ramewa shekara da shekaru har ranar da iska za ta kayar da ita ana mamaki. A Ingila masu gini suna da ƙa'ida mai sauƙin riƙewa, a auna kaurin bishiya daga gefe zuwa gefe a tsayin mita 1.5, a ninka sau 12, wannan nisan daga gindin ta kowane gefe a kewaye shi kada a tona kada a jibge kaya kada mota ta taka. Tsofaffin itatuwa ma sun cancanci fiye da haka.

Maganar mota ita ce babba, shi ya sa zan ɗan daɗe a kanta. A gandun Yosemite da ke Kaliforniya a Amurka akwai wani kurmi, Mariposa Grove, mai manyan itatuwan sikwoya wajen 500, tun 1864 aka ware shi don a kare shi. Amma da tafiya ta yi tafiya sai ga fakin a cikin itatuwan, ga titin kwalta, ga shagon tsaraba, ga wata motar yawo mai jan tarago tana zagayawa da baƙi, kwaltar kuma ta karkatar da ruwan da ya kamata ya isa ga saiwoyi. Me masu kula da gandun suka yi? Rufe wurin suka yi ɗungurungum a 2015, ba su buɗe ba sai Yunin 2018, aikin ya ci dala miliyan 40, suka kwashe fakin ɗin da shagon, suka fasa kwaltar suka mayar da titunan hanyar ƙafa, suka gina wurin tarbar baƙi kusa da ƙofar kudu ta gandun, daga nan bas ke ɗaukar mutane kyauta tafiyar kamar mil 2 zuwa bakin kurmin. Haka aka yi a kurmin Giant Forest na gandun Sequoia, shi ma a Kaliforniya, inda aka rushe gine-gine kusan 300 da suka cika tsakanin itatuwan. Ka ga kuɗi aka kashe masu yawa don a warware abin da da ma can ana ganin ci gaba ne.

To darasin a aikace shi ne fakin ya tsaya waje, a wurin da ƙasar ta riga ta lalace ko babu manyan itatuwa, kuma duk abin da ke da nauyi ya bi shi can, wato wurin sayen tikiti, shago, wurin cin abinci, janareta, babban banɗaki. Amma fa in za a yi jigila da bas a yi ta da gaske, bas ɗin ya riƙa zuwa a kai a kai, a yi rumfa da benci a inda ake jira, don in mutum ya tsaya rabin awa a rana da yara gobe zai nemi hanyar kutsawa da motarsa ne. A bar 'yan gurabe kusa don masu lalurar tafiya da motar agajin gaggawa. Kuma kada a yaudari kai cewa faɗaɗa fakin zai magance cunkoso, cika zai sake yi, sannan duk waɗannan ƙarin mutanen cikin kurmin za su zube. Muir Woods, wani kurmin kusa da San Francisco, hanyar da suka bi tun farkon 2018 ita ce sai ka kama gurbin mota ko kujerar bas tun kafin ka taso. In za a kwaikwayi wannan a tuna da wanda ba ya hulɗa da intanet, a bar layin waya, a kuma sanar tun daga nesa a kan titi kada mutum ya sha doguwar tafiya a mayar da shi daga ƙofa.

Sai hanyar ƙafa. Inda ƙasa take da ƙarfi kuma nesa da saiwoyi, tsakuwa da aka daddale da kyau ta wadatar, a ɗan karkatar da fuskar hanyar kaɗan zuwa gangare yadda ruwa zai tsallake ta ya wuce maimakon ya bi tsawonta, a kuma riƙa sa mata 'yan ƙananan kwari jefi-jefi da za su fitar da ruwan. Hanyar da ta miƙe sambal daga saman tudu zuwa ƙasa kwata ce kawai ake ginawa, damina ɗaya za ta zama kwazazzabo. Inda kuwa ake ratsa fadama ko kan saiwoyi, nan sai hanyar katako mai ƙafafu wadda aka ɗaga sama, ruwa ya wuce ta ƙarƙashi, ƙananan dabbobi su wuce, ƙafa ba ta taɓa ƙasa. Wajen kafa ƙafafun kada a yi rami a zuba kankare, akwai turakun ƙarfe masu kama da sukuru da ake murzawa cikin ƙasa, in aka ci karo da babbar saiwa sai a matsa gefe, zanen ya bi bishiyar ba bishiyar ta bi zanen ba. Katako a inuwa mai laima santsi yake yi sosai, don haka ko a sa masa abin hana zamewa ko a yi amfani da raga ta ƙarfe wadda haske da ruwan sama ke ratsawa su isa ga tsirran ƙasa.

Wani abu da nake ganin ana yawan kuskurewa, ana zana hanya a ofis ba a duba inda mutane ke son zuwa ba. Kowa so yake ya tsaya gaban babbar bishiyar ya ɗauki hoto, in ba ka ba shi wurin tsayawa ba zai tsallake igiya ya yi wa kansa, na bayansa ya bi sawunsa, kafin wata uku an buɗe sabuwar turba. Saboda haka a yi dandamali mai faɗi daidai inda hoton ya fi fita, a sa shinge gajere wanda ba ya tare gani, a faɗaɗa hanyar a wurin don masu wucewa su wuce. Turbobin da jama'a suka riga suka buɗe kuma a toshe su da rassa da ganye a dasa tsirran wurin, ba na waje ba. In ana son ganin abin da rashin hanya ke jawowa a duba Hyperion, bishiyar da ta fi kowace tsawo a duniya a gandun Redwood na Kaliforniya, ba a taɓa yi mata hanya ba amma mutane suka yi ta kutsawa har suka tattake kewayenta, ƙarshe a 2022 hukuma ta rufe yankin ta ce wanda aka kama zai iya biyan tarar dala 5,000 ko ya sha ɗaurin wata 6.

Gadar sama da ke bi ta cikin rassa kowa na sha'awarta, kuma tana da amfaninta. Ta Valley of the Giants a yammacin Ostireliya da aka buɗe a 1996, mai tsawon mita 600 da ke hawa har mita 40, an gina ta ne musamman don a ɗauke ƙafafun mutane daga kan saiwoyin itatuwan wurin, ta gandun Kakum a Ghana ma tun 1995 take jan baƙi. Sai dai tana buƙatar injiniya ya riƙa dubawa kullum kuma tana ƙara jawo jama'a, in ba a gama da fakin da banɗaki ba kada a soma ta.

Banɗaki kuwa ba a son maganarsa amma shi baƙo ke tunawa in ya koma gida, kuma in babu shi bayan bishiya za a zagaya. Babba a wurin fakin, ƙarami a bakin kurmi inda bas ke saukewa, nesa da rafi da fadama. Inda ba ruwan famfo akwai irin mai rufaffiyar tanki a ƙasa wadda mota ke zuwa ta zuƙe, a tabbatar motar za ta iya isowa ba tare da ta taka saiwoyi ba, a sa doguwar bututun iska a inda rana ke dukanta don zafin ne ke jan warin sama. A yi ɗaki mai faɗin da keken guragu zai juya a ciki, da wurin sauya wa jariri, ɓangaren mata kuma ya fi yawa don layinsu ya fi tsawo.

Tun da an ambaci keken guragu, a samu aƙalla zagaye guda gajere wanda mai keke da tsoho mai sanda da mai tura jariri za su iya kammalawa, kuma ya kai su ga ainihin abin da aka zo gani, kada a ajiye su a bakin ƙofa. Gangaren kada ya wuce hawan mita 1 a cikin mita 20 in da hali, inda ya zama dole a yi ɗan tudu gajere to 1 cikin 12 ne iyaka, da wurin hutawa da benci a tsakani.

Alluna kaɗan masu ma'ana sun fi tarin "an hana, an hana". Taswira a farko mai nuna nisa da mintunan tafiya, alama a kowace mararraba, sannan a faɗi dalili, allon da ya ce saiwar bishiyar nan tana ƙarƙashin ƙafarka ya fi sa mutum ya ja baya. Kwandon shara ya zama mai murfin da dabba ba ta iya buɗewa, in kuma ba mai kwashewa kullum gara a cire shi a ce kowa ya fita da shararsa. Fitila a cikin kurmi a rage ta iya ragewa. In akwai cutar itatuwa da ke bin ƙasa, a yi kamar Niyuzilan inda suka sa wurin goge takalma da feshin magani a bakin hanyoyin kurmin wasu itatuwa da suke kira kauri, kuma a gina shi yadda dole sai ta cikinsa za a wuce.

Lokacin aikin kansa shi ne mafi haɗari, wallahi katafila guda za ta iya yin ɓarnar da baƙi ba su yi ba a shekara ashirin. A kafa shingen kare saiwoyi kafin mota ta farko ta shigo, a rubuta tara a cikin kwangilar, a wanke injuna kafin su shiga saboda irin ciyawar waje, kusa da itatuwa a yi tono da hannu, kuma masanin itatuwa ya kasance a wurin da ikon tsayar da aiki. A kauce wa lokacin da ƙasa take jiƙe da lokacin da tsuntsaye ke sheƙa. Mutanen da ke zaune kewayen gandun, da masu jagorar baƙi da masu gadin daji, a zauna da su tun kafin zane, su suka san inda ruwa ke tashi da wuraren da ba a taɓawa, kuma in za a rufe wurin na wani lokaci abincinsu ne zai tsaya, dole su san ranar da za a rufe da ranar da za a buɗe.

Kuɗin kula da wurin a ware shi tun ranar da ake lissafin gini, katako zai ruɓe, ƙusa za ta ɗago, tanki zai cika, magudana za ta toshe da ganye. A kafa turaku a wasu wurare a riƙa ɗaukar hoto daga daidai nan sau biyu a shekara, in aka jera hotunan za a ga ko ciyawa na dawowa gindin itatuwan ko kuwa wata sabuwar turba ce ke buɗewa, sai a matsar da shinge ko a rage yawan masu shiga a awar da ta fi cika.