Kalmarmu ta "saba" ta rabu gida bakwai a Ingila

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, sahun sallar Juma'a a nan Manchesta yakan ƙaru da sababbin fuskoki, kuma wallahi abin yana faranta mini rai. Yaranmu suna zuwa da ilimi da tarbiyya, duk inda suka kama aiki ana yabon su. Sai dai da yawansu da zarar sun ci jarrabawar Turanci ta IELTS sai su ɗauka sun gama da Turanci. Ka ce wa yaro ya kawo takardar haya a duba kafin ya sa hannu, ya ce maka, "Yaya, ai na karanta." Bayan wata shida ya dawo yana neman wanda zai rubuta masa wasiƙar roƙo.

Mu da kalma ɗaya muke gama zance: na saba, an saba, abin da aka saba. Bature kuwa ya yanka ta gunduwa-gunduwa, yana da usual, normal, regular, ordinary, common, habitual da familiar. A hira duk wadda ka ɗauko za a gane ka. A kan takarda ne kowacce take da nata farashin.

Wasu ba su da wahala. Regular shi ne abin da yake dawowa a kan lokaci tsayayye, kamar albashi. Idan ejan ɗin haya ya nemi regular income, kuɗin da Baba yake turowa idan ya samu ba sa cikin lissafi, komai yawansu. Idan likita ya tambayi regular medication, maganin da kake sha kullum yake nufi, irin na hawan jini, ban da ƙwayar ciwon kai ta jefi-jefi. Common abin tarayya ne. Matakala da barandar da ke tsakanin ɗakuna su ne common parts, kuma jera takalma da keken jariri a wurin, yadda muka saba a bakin ƙofa, yakan jawo takardar gargaɗi saboda dokar gobara. Kada kuma ka kira mutum common ko ordinary, raini ne. Idan aka ce maka a wurin aiki ka cika zama familiar, ba yabon sakin fuska ba ne, ana nufin ka fara wuce gona da iri.

Wadda ta ci ni ita ce tsakanin usual da normal. Usual abin da kai ka saba yi ne. Normal kuwa ma'aunin da kowa ya yarda da shi ne, ko ka saba ko ba ka saba ba.

Gidan da na fara kamawa, shekara biyu muka yi a ciki. Uwargida tana turaren wuta kullum bayan magariba, kamar kowace matar kirki da ta fito daga gidanmu, ga girkin manja a ɗan ƙaramin kicin da ba mu cika buɗe tagarsa ba saboda sanyi. Da muka tashi, ejan ya turo imel cewa za su cire kuɗin sabon fenti da wankin kafet, wai silin ya yi duhu kuma akwai ƙuna a kafet ɗin falo. Takardar hayar ta ce mai haya ba ya biyan fair wear and tear, wato tsufan da kaya suke yi don an zauna a gida, wasu takardun kuma normal wear and tear suke rubutawa. Ni a raina duk ɗaya ne da abin da aka saba. Sai na zauna na rubuta musu doguwar amsa cewa wannan usual ne a gidanmu, turare muke yi kowace rana. Na yi zaton kare kaina nake yi, ashe da hannuna na rubuta musu shaida. Ba a daɗe ba, sai ga amsa: abin da kuka saba yi daban, abin da ake tsammani daga kowane mai haya daban. Fiye da rabin kuɗin ajiyarmu, wato deposit ɗin da muka bayar lokacin kama gidan, ya tafi, a lokacin da muke neman na kama wani gidan. Har yau ina tuna fuskar matata ranar da na gaya mata.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne ƙunar kafet ɗin nan mun tarar da ita. Ranar shiga an ba ni takardar lissafin kayan gida da yanayinsu, na sa hannu a tsaye ban duba ba, ban ɗauki hoto ko ɗaya ba.

To ga abin da ban sani ba a lokacin. Tun 2007 doka ta wajabta wa mai gidan haya ya saka kuɗin ajiyarka a ɗaya daga cikin hukumomi uku da gwamnati ta amince da su, kuma a yanzu kwana 30 aka ba shi ya yi hakan ya sanar da kai. Idan bai yi ba, kotu tana iya sa shi ya biya ka har ninki uku. Dokar 2019 ta taƙaita kuɗin ajiya a Ingila ga hayar mako biyar a yawancin gidaje. Idan kun saɓa a kan abin da za a cire, hukumar tana raba gardama kyauta, kuma mai gidan ne zai kawo hujja, domin kuɗin naka ne. Fenti ya kan dushe, kafet ya kan lanƙwashe inda ake takawa, wannan duk normal ne. Saboda haka ka ɗauki hoton kowace kusurwa ranar shiga, ka tura wa ejan ta imel don kwanan wata ya zauna. Idan rigima ta taso ka yi maganar yanayin gidan kawai, ka bar labarin al'adarka. Turare kuma a yi shi kusa da taga, a ɗora kaskon a kan faranti.

Ta biyu mai zafi ita ce ordinarily resident, a asibiti. Wani ƙaninmu mahaifiyarsa ta zo wankan jego da bizar ziyara, ciwo ya kwantar da ita, aka ba shi fom ana tambayar ko ita ordinarily resident ce. Ya amsa cewa e, mazauniya ce, don a ganinsa ta saba zuwa duk shekara. Saba zuwa ba shi ne zama ba. Ga wanda yake ƙarƙashin dokar shige da fice, sai yana da takardar zama ta dindindin ake kiransa ordinarily resident. Ɗalibi da ma'aikaci kuɗin lafiyar da suka biya tare da biza ne yake rufe su, wanda daga Fabrairun 2024 ya koma fam 1,035 a shekara, ɗalibai kuma 776. Mai ziyara bai biya wannan ba. Ganin likitan unguwa da sashen gaggawa kyauta ne, amma da zarar an ba shi gado, ana cajinsa kashi 150 cikin 100 na farashin aikin. Bashin da ya kai fam 500 kuma ba a biya ba yana iya hana shi biza a gaba. Jama'a sun yi karo-karo an rage wa yaron nauyi, abin da nake alfahari da shi ke nan a mutanenmu, amma inshorar tafiya ta ƴan kuɗi kaɗan da ta ɗauke shi gaba ɗaya.

Habitual residence na masu neman tallafin gwamnati ne, kuma yawancinku bizarku ta hana ku kuɗin gwamnati, don haka ku nisanci fom ɗin. Normally resident a takardar lasisin mota za ku gan shi, ana nufin zaman kwana 185 a ƙasar. Lasisin Najeriya ko na Nijar wata 12 kawai yake yi daga ranar da ka zama mazauni, kuma layin jiran gwajin tuƙi dogo ne, ka nemi gurbi tun watanninka na farko.