Darasi Na Tara: Wankin Mota, A Gida Ko A Wajen Masu Wanki?

A ajinmu akwai direbobi, akwai masu a-daidaita-sahu, akwai 'yan acaɓa, akwai kuma waɗanda aikinsu shi ne wanke motar maigida kowace safiya. Darasin yau na kowa ne. Za mu yi karatu, mu yi lissafi, mu kuma koyi yadda ake wanke abin hawa ba tare da an ɓata shi ba.

Karatu: Me ke cin fentin mota?

Kafin mu yi maganar kuɗi, mu fara da ƙura. Iskar hunturu da ke kaɗawa daga wajen Disamba zuwa Fabrairu tana ɗauko ƙura daga Sahara, mafi yawanta daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. A hannu tana da laushi kamar garin alkama, amma a cikinta akwai ƙwayoyin yashi masu kaifi. Shi kuwa fentin mota hawa uku ne: na ƙasa mai kama ƙarfe, na tsakiya mai launi, sai na sama mai sheƙi. Wannan na saman bai kai kaurin takardar littafin nan da ke hannunku ba.

To, ga abin da yawancinmu muke yi. Mutum ya fito da safe, ya tarar mota ta yi futu-futu, sai ya zaro busasshen tsumma daga ƙarƙashin kujera ya hau gogewa. Ya ga ta yi fes, ya ji daɗi. Alhali kuwa yashi ya goga mata. Gani ya kori ji: gobe da hantsi ku tsaya gefen baƙar mota, ku dubi inda rana ta haska a bonet. Za ku ga ƙananan zane a zagaye kamar saƙar gizo-gizo. Aikin tsumma ne. Haka ma wanda ya kunna waifa a kan busasshen gilashi mai ƙura. Da dare, idan fitilar wata mota ta hasko shi, sai ya ga gilashin ya yi dishi-dishi.

Saboda haka, ko a gida ko a wajen wanki, ka'ida ta farko ɗaya ce. Ruwa ke fara taɓa mota, sannan hannu.

Idan za ka wanke da kanka

Ka tanadi bokiti biyu, soso mai laushi guda biyu, da tawul mai tsabta. Bokiti ɗaya na ruwan sabulu, ɗaya na ruwa zalla. Duk lokacin da ka goga soso a jikin mota, ka ɗauraye shi a ruwa zalla kafin ka mayar da shi cikin sabulu. Idan ka gama, ka leƙa gindin bokitin ɗauraya. Yashin da ka ga ya kwanta a can, da bokiti ɗaya ka yi amfani da shi, da duk a jikin fenti zai ƙare.

Ka ajiye motar a inuwa, da sassafe ko bayan la'asar. A rana sabulu na bushewa kafin ka ɗauraye, kuma ruwan burtsatse yakan bar ɗigo-ɗigon fari idan ya bushe da kansa. Gilashin da ya sha rana ya yi zafi, musamman mai ɗan tsagu, yana iya darewa idan aka kwara masa ruwan sanyi. Ka fara da watsa ruwa ko'ina, sannan ka soma daga rufi, ka sauko gilasai, bonet, ƙofofi. Tayoyi su ne ƙarshe, da nasu soson daban. Soson da ya faɗi ƙasa kada ya koma jikin mota sai an wanke shi tas.

Sai maganar omo. Na san shi ne a kusa, shi ne kuma mai sauƙi. Amma an yi shi ne don ya cire maiƙo daga tufafi, don haka yana tafiya da man sheƙin da ke kare fenti, yana busar da robobin bakin gilashi, kuma garin da bai narke ba yana karce jiki. Araha ba ta ado. Sabulun mota na ruwa ana samunsa wajen masu kayan gyaran mota, murfi ɗaya ko biyu ya ishi bokiti, kwalba ɗaya takan daɗe.

Kashin tsuntsu da ɗanyen 'ya'yan darbejiya kada su kwana. A jiƙa su su yi laushi, a ɗauke a hankali.

Akwai kuma haƙƙin maƙwabta, kuma ina so mu ɗauke shi da muhimmanci. Ruwan wankin da ka saki a lungu, idan bai sami kwata ya bi ba, a ƙofar gidan wani zai kwanta. Tsofaffi masu zuwa masallaci da asuba su za su taka santsinsa, sauro kuma ya sami wurin yin ƙwai. Ka duba inda ruwanka zai tafi tun kafin ka zuba shi, kuma ka nisanci bakin rijiya.

Abin da masu wanki suka fi ka

Suna da injin feshi mai ƙarfi, wasu kuma suna da rami ko tudun da mota ke hawa a ga ƙarƙashinta. Wannan bokiti ba ya yinsa. Da damina, taɓo yana maƙalewa a ƙarƙashin mota da saman tayoyi, ya riƙe danshi kwana da kwanaki, daga nan tsatsa ke farawa, a wurin da ido ba ya kaiwa. Wanda ke bin hanyar ƙauye ranar kasuwa ya san nauyin lakar da mota ke kwasowa. Suna kuma da injin zuƙe ƙura daga kujeru da kafet. Kuma sana'a ce da samari da yawa ke ci da iyayensu da ita, ba ƙaramin abu ba ne.

Amma ka tsaya a kan motarka. Wata shekara da damina na kai tawa wani wurin wanki. Yaron ya ce, "Baba, a haɗa da inji?" Na ce, "To, samari, haɗa," na tafi shan shayi a tsallaken titi. Da na dawo injin yana ta ƙyalli, amma mota ta ƙi tashi. Ruwa ya shiga ramin fulogi da wayoyi. Sai da aka kira bakanike, ya kwance, ya busar, na biya shi fiye da kuɗin wankin, na kuma rasa rabin yini. Laifina ya fi na yaron, domin ni na amsa ba tare da na tambayi yadda zai yi ba. Motocin yanzu cike suke da wayoyi da na'urorin lantarki, ga kwamfutar da ke sarrafa injin. Idan dole ne a tsabtace inji, a bari ya huce, a rufe kayan wuta da leda, a goge da tsumma mai danshi. Kada a kusantar da bakin injin feshi ga lagireto, domin yana lanƙwasa siraran ƙarafansa.

Ka kwashe kuɗi da takardun mota kafin ka miƙa makulli, don kada zargi ya shiga tsakaninku. Ka dubi tsumman da za a goge maka fenti da shi. Idan shi aka goge tayar motar da ta gabace ka, ka roƙi a canza. In an wanke kafet, kada a mayar da shi sai ya bushe, in ba haka ba mota za ta yi warin ruma. Da ka fito titi, ka taka birki a hankali sau biyu ko uku, domin jiƙaƙƙen birki ba ya kamawa sosai.

Lissafi

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin wanki ya tashi, domin da fetur ake tayar da janareta da injin feshi. Ruwan 'yan garuwa ma ya bi sahu. Kuɗin da ke ƙasa misali ne don koyo.

A ce wanki ɗaya N2,000 ne, kana kaiwa sau ɗaya a mako. Shekara mako 52 ce: 2,000 × 52 = N104,000. A gida kuwa, a ce jarka biyu masu lita 25 sun ci N400, sabulu N100, jimla N500: 500 × 52 = N26,000. Bambanci: 104,000 − 26,000 = N78,000.

Sai dai lokaci ma kuɗi ne. Mai a-daidaita-sahu da ya ɓata awa guda ta safe yana wanki, lokacin da 'yan makaranta da ma'aikata ke tsaye bakin titi, wataƙila ya yi asarar da ta fi kuɗin wankin. Gara ya wanke da dare bayan ya tashi aiki. Ni dai abin da nake yi shi ne, jiki ina wanke shi a gida duk mako, ƙarƙashi kuma ina kai wa masu injin sau ɗaya a wata da damina, da rani kuwa sai in na yi doguwar tafiya.

Aikin gida

Ka tambayi kuɗin wanki a unguwarku da kuɗin jarkar ruwa, ka sake yin lissafin nan da su. Ka rubuta waɗannan kalmomi sau uku-uku, kana lura da ƙugiyar baƙaƙen: ƙura, taɓo, ɗauraya, ƙarƙashi. Sannan ka amsa da jimla cikakkiya: don me ake amfani da bokiti biyu? Mako mai zuwa kowa ya zo da littafinsa, za mu rubuta farashin unguwanni a allo mu kwatanta.