Kurakuran da ɗalibanmu ke maimaitawa a Jamus, da yadda nake kauce musu

Duk watan Oktoba, lokacin da jami'o'in Jamus ke buɗe zangon karatu na hunturu, sababbin ɗalibai daga Kano da Zariya da Yamai da Maraɗi sukan iso, kuma kafin Fabrairu ya ƙare sai wayata ta cika da koke-koken da na riga na haddace. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga kowane baƙo, shi ya sa na rubuta ta a nan. Magungunan da zan kawo nawa ne, na saba da su ne bayan na sha wuya, kuma wani tsohon ɗalibin zai iya saɓa mini a wasu wurare.

Kuskure na farko shi ne raina wasiƙa. A gida mun saba a kira mu a waya ko a aiko mana da yaro, amma a Jamus hukuma da takarda take magana, kuma kowace takarda da wa'adinta. Doka ta ba ka mako biyu bayan ka tare a ɗaki ka je ka yi rajistar adireshi, abin da suke kira Anmeldung, tare da takardar shaida daga mai gidan. Bayan haka ka manna sunanka a akwatin wasiƙa, domin ma'aikacin gidan waya da suna yake aiki, idan bai gani ba ya mayar da wasiƙar inda ta fito. Cikin wasiƙun farko akwai ta kuɗin rediyo da talabijin, Yuro 18.36 a wata ga kowane gida, ko kana kallo ko ba ka kallo. Wanda ya jefa ta ƙarƙashin gado saboda ba ya jin Jamusanci zai tarar bashin ya taru har da tara. Ni ranar da wasiƙa ta zo nake buɗe ta, in rubuta wa'adinta da jan biro a saman ambulan.

Na biyu shi ne wanda ya kusa raba ni da karatuna, don haka zan daɗe a kansa. A jami'o'in Jamus, halartar darasi daban, rajistar jarrabawa daban. Kai ne za ka shiga shafin jami'a ka yi rajistar kowace jarrabawa a cikin wa'adi, kuma kai ne za ka janye idan ba ka shirya ba. A zangona na biyu na yi rajistar wata jarrabawa mai nauyi, sai abokai suka samo tikitin jirgi mai araha zuwa Italiya a makon da za a yi ta. Na ce a raina, wanda bai shiga ɗakin jarrabawa ba ai bai faɗi ba. Da na dawo na tarar an rubuta mini 5,0, wato faɗuwa, saboda ban janye ba kuma ba ni da takardar likita. A yawancin kwasa-kwasai dama uku gare ka a darasi ɗaya. Idan ka faɗi ta ƙarshe, an sallame ka daga kwas ɗin, samun shiga irinsa a wata jami'ar ƙasar yakan gagara, kuma izinin zamanka da karatun yake ɗaure. Na ƙone dama ɗaya a kan yawon kwana huɗu, na faɗi ta biyu saboda fargaba, na shiga ta uku ina sane da cewa filin da mahaifina ya sayar don cika asusun biza, wato asusun bankin da ake kulle kuɗin zaman ɗalibi a ciki ana sakar masa wata-wata, yana rataye a kan takarda guda. Allah ya taimake ni na ci, amma wata uku na yi ba na barcin kirki.

Ƙannena, ku ji ni da kyau: a nan babu zuwa ofishin malami a durƙusa a ce a taimaka. Malamin da kansa ba shi da ikon goge abin da ofishin jarrabawa ya rubuta. Abin da ke ba ni haushi shi ne duk wannan yana rubuce a cikin dokokin jarrabawar kwas ɗinku, Prüfungsordnung, amma mutum ya haddace farashin jirage zuwa birane goma bai taɓa buɗe ta ba. Ku buga ta a takarda, ku karanta ta kafin makon farko ya wuce. Ni tun daga lokacin ba na sayen tikitin ko'ina sai na ga jadawalin jarrabawa da idona, kuma ba na rajistar fiye da manyan jarrabawa huɗu a zango ɗaya, ko da abokai sun ce ina jan ƙafa.

Na uku ma a kan tafiya ne. Katin zamanka na Jamus yana ba ka damar yawo a ƙasashen Schengen, wato ƙasashen Turai da suka buɗe wa juna iyakokinsu, na kwana 90 cikin kowane kwana 180, amma Ingila da Ireland ba sa ciki, kuma na ga wanda aka mayar daga filin jirgi da jakar tsarabarsa a hannu. Mafi haɗari shi ne takardar wucin gadi da ofishin baƙi ke bayarwa yayin da ake jiran sabon kati, Fiktionsbescheinigung. Idan an yi mata alama a sashe na 81 na dokar zaman baƙi, sakin layi na 4, za ka iya fita ka dawo muddin ba ta ƙare ba. Idan sakin layi na 3 ne, ka fita ke nan, sai ka sake neman biza. Kada ka tafi bikin Salla gida ba ka duba wannan alamar ba, kuma ka nemi sabunta kati wata uku kafin ya ƙare.

Ƙananan kuwa ga su a taƙaice. Tikitin ɗalibai na jiragen cikin gari da na yanki ba ya aiki a ICE, jirgin ƙasa mai sauri na dogon zango. Shiga jirgi ba tikiti tarar Yuro 60 ce. Kantuna a rufe suke ranar Lahadi, sai ka yi cefane tun Asabar. Izinin aikin ɗalibi kwana 140 cikakku ne a shekara, ko rabi-rabi 280, kuma wanda ya mayar da aikin ɗakin ajiyar kaya sana'arsa yakan wayi gari ba digiri. Sauke fim ta manhajar torrent yakan jawo wasiƙar lauya mai neman ɗaruruwan Yuro.

Saura batun abin ɗebe kewa, wanda nake ɗauka da muhimmanci domin a Disamba rana kan faɗi wajen ƙarfe huɗu, kuma kaɗaici yana karya ɗalibi fiye da wahalar darasi. Kuskure biyu ake yi. Wani ya kulle kansa a ɗaki daga waya sai tukunyar shinkafa, har shekara ta zagayo bai iya gaisawa da maƙwabcinsa da Jamusanci ba. Wani kuma zumuɗi ya ɗebe shi ya sa hannu a kwantiragin gidan motsa jiki na wata 24, ya sayi kyamara da keke masu tsada, alhali Yuro 992 ne kawai asusunsa ke sakar masa a wata. Ni na fi son a fara da sashen wasanni na jami'a, inda kuɗi kaɗan ke ba ka ƙwallo ko dambe ko ninƙaya na zango guda, in abin ya zauna maka sai ka shiga ƙungiyar unguwa, inda Jamusancinka zai buɗe fiye da yadda aji zai buɗe shi. Keke kuwa na hannu ya isa, da fitila mai aiki da kwaɗo mai ƙarfi. Mai sha'awar kamun kifi ya sani sai da lasisi.

Ninƙaya ce na fi jin tsoro. Idan zafi ya shigo a Yuli, kowa yakan nufi tafki da bakin kogi, sai kunya ta hana yaronmu cewa bai iya ba, ya bi abokai cikin ruwa. Kogin Rhein yana da igiyar ruwa mai ƙarfi, kuma jiragen dakon kaya na janye ruwan su dawo da shi da ƙarfin da ke kayar da babban mutum a inda ruwa bai kai ƙugu ba. Ƙungiyar ceto ta DLRG da wuraren ninƙaya na birni suna koyar da manya daga tushe, kuma a birane da dama ana ware wa mata sa'o'insu su kaɗai. Wuraren sukan cika da wuri, don haka ka sa sunanka tun cikin hunturu.