Darasi na 9: Gyaran Sunan Uwa ko Uba a Takardar Haihuwar Yaro

'Yan uwa ɗalibai, Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ce ke ba da takardar haihuwa a Nijeriya, bisa dokar da aka kafa a 1992 wadda ta wajabta yi wa kowane jariri rajista. A nan Jihar Kebbi tana da babban ofishi a Birnin Kebbi, tana kuma da ma'aikata a ƙananan hukumomi 21 na jihar. Katin da ungozoma ko asibiti suka ba ku ranar haihuwa daban ne da wannan takarda, kada ku haɗa su.

Abin da ya fi kawo kuskure shi ne alkunya. Uwa ta kai jariri, ma'aikaci ya tambaye ta sunan maigida, ta ji nauyin faɗa, sai ta ce Malam ko Alhaji, ko ta ba da laƙabin da ake kiransa da shi a kasuwa. Haka za a rubuta, kuma ba za a lura ba sai ranar da yaro zai shiga makaranta ko za a yi masa fasfo.

Mataki na farko: kwatanta suna

Ku ɗauko takardar yaron da katin shaidar ɗan ƙasa na uba, ku shimfiɗa su gefe da gefe. Ku ɗora yatsa a kan harafin farko na sunan da ke takarda, ku dubi harafin farko na sunan da ke kati, sannan ku matsa zuwa na biyu. Kada ku karanta sunan gaba ɗaya, domin baki zai faɗi abin da ya saba faɗa, ido kuma ya tsallake kuskuren. Muhammad da Mohammed da Muhammadu duk mutum ɗaya ne a gida, amma a ofis sunaye uku ne. Idan kun gama, ku koma farko ku sake, harafi bayan harafi. Wanda hannunsa bai faɗa ba tukuna kada ya ji kunya, a hankali ake koyo. Ya sa abokin karatunsa ya riƙa kiran haruffan shi kuma yana bi da yatsa.

Daga nan ku yi wa sunan uwa haka, da nata katin. Ku kwafe sunan da yake daidai a wata takarda da manyan baƙaƙe, ku kuma kwatanta abin da kuka kwafe da katin.

Har yanzu akwai masu zuwa aji da takardar da suka goge suna suka rubuta wani da biro. Na faɗa na maimaita cewa wannan ɓata takarda ne, kuma wanda ya yi haka ya jawo wa kansa wahala da hannunsa. Haka nan mai zuwa Jega ko Argungu ya yi wa yaro sabuwar rajista alhali yana da ta farko: yaro ɗaya rajista ɗaya yake da ita, gyara ake nema.

Mataki na biyu: takardar rantsuwa

Ku je kotu ku yi takardar rantsuwa da ke nuna sunan da aka rubuta bisa kuskure da kuma sunan gaskiya. Kafin ku sa hannu ko ku dangwala, ku sake bin sunan da yatsa, domin mai bugawa ma yana kuskure.

Mataki na uku: komawa ofis

Ku koma inda aka yi rajistar farko da takardar asali, da takardar rantsuwa, da katunan iyaye. Idan an karɓi kuɗi, ku nemi rasit.

Mataki na huɗu

Idan an ba ku takardar da aka gyara, ku kwatanta sunayen kafin ku bar ofis.

Aikin gida

Kowa ya rubuta cikakken sunansa sau biyar kamar yadda yake a katinsa.