Kurakuran da ake yi wajen kwatanta harajin gida tsakanin gundumomin Teksas

Mai neman gida a kewayen birnin Houston da ke jihar Teksas ta Amurka, inda 'yan Najeriya suke da yawa, yakan duba harajin gundumar Harris, ya duba na Fort Bend, ya ga wanda ya fi sauƙi, shi ke nan ya yanke shawara. Nan kuskure mafi girma yake. Jihar Teksas ba ta karɓar harajin gida da kanta, kuma kason gunduma ɗan kaɗan ne cikin abin da za ka biya. Akwai na birni, akwai na hukumar makarantu, wanda yawanci shi ne mafi tsoka. A sababbin unguwanni kuma akwai hukumar da ake kira MUD, mai biyan bashin da aka ci don jawo ruwa da gina magudanai. Garin Katy kaɗai ya ratsa gundumomi 3: Harris, Fort Bend da Waller. Saboda haka da adireshin gidan ake bincike, a tara kason kowace hukuma. Ana lissafin ne a kan kowace dala 100 ta darajar gida. Gidan dala 300,000, in jimillar dala 2 ce, za ka biya 6,000 a shekara. In 3 ce, 9,000.

Na biyu shi ne dogaro da abin da mai gidan na da yake biya. Wannan ya fi damuna, domin yana jefa iyali cikin ƙunci bayan an tare. Wanda ya yi rajistar gidansa a matsayin mazauninsa, darajar da ake yi masa haraji a kai ba ta ƙaruwa fiye da kashi 10 cikin 100 a shekara. Da zarar an sayar, wannan kariyar ta tafi. Yi lissafinka da kuɗin da za ka sayi gidan.

Wasu kuma ba sa neman rangwamen gidan zama kwata-kwata, wato adadin da ake cirewa daga darajar gidan da mutum yake zaune a ciki kafin a lissafa haraji, alhali cike takardar kyauta ne a ofishin ƙiyasta darajar gidaje na gundumar. A 2023 an ɗaga wannan rangwame daga dala 40,000 zuwa 100,000 a harajin makarantu.

In takardar ƙiyasi ta zo da farashin da ya wuce kima, kada ka yi shiru. Kana da damar ƙalubalantarta zuwa 15 ga Mayu, ko kwana 30 bayan aiko ta, duk wanda ya zo daga baya. Ka tafi da hotunan gyaran da gidan ke buƙata da darajar gidajen maƙwabta.