Yadda ake kula da kofaton doki da sa masa takalmi kar ya yi ɗingishi

Mafi yawan ɗingishin da doki ke yi daga kofato yake farawa, musamman ƙafafun gaba, don su ne ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin jikinsa. Mutum zai ga dokinsa na ɗingishi sai ya kama shafa magani a kafaɗa ko gwiwa, alhali matsalar tana can ƙasa inda bai taɓa ɗagawa ya duba ba. To aikin farko shi ne ka saba da ɗaga ƙafar nan kullum, safe da kuma bayan an dawo daga hawa.

Ka tsaya a gefensa kana fuskantar wutsiya, ka shafo hannu daga sama zuwa ƙasa, ka ɗan jingina da kafaɗarka, zai sakar maka ƙafar. Sai ka sa ɗan ƙarfe mai lanƙwasa ka riƙa sakace datti daga wajen dunduniya zuwa gaba, ba daga gaba zuwa baya ba, kar ka soki wurin mai taushi. A tsakiyar tafin akwai wani nama mai kamar roba mai siffar V, Turawa har kwaɗo suke ce masa, gefe da gefensa akwai kwaroro biyu, to nan ne kashi da tsakuwa ke maƙalewa. In ka sakace ka ji wani irin wari ya bugi hancinka, ka ga baƙin abu mai danshi yana bin ƙarfen, ruɓewa ce ta fara, kuma kusan kullum daga tsayuwa cikin fitsari da kashi take zuwa. Ka wanke, ka busar, ka sa maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su aidin, amma fa in ba ka gyara inda yake kwana ba wallahi aikin banza kake, gobe ma za ta dawo.

Kofato yana tofowa kamar farce, milimita 6 zuwa 10 a wata, kuma sai ya kusa shekara kafin ya sake sabo fil daga sama har ƙasa, shi ya sa in aka ɓata yanka an daɗe ana jinya. Duk sati 6 zuwa 8 ya kamata a gyara shi ko da takalmi ko babu. Mutane suna cewa ai takalmin bai cinye ba bari a ƙara wata ɗaya, alhali takalmin yana nan ƙalau kofaton ne ya yi tsawo a kansa, gaban ya zarce, dunduniya ta kwanta, jijiyoyin bayan ƙafa suna ta shan ja a kowane taku, sai ka ga doki ya fara tuntuɓe ba gaira ba dalili.

Ba kowane doki ne ma ke buƙatar takalmi ba. Wanda ke tafiya kan ƙasa mai laushi kuma kofatonsa na da ƙwari, yanka da goge baki da magagari sun ishe shi. Mai bin kwalta da duwatsu, wanda kofaton ke cinyewa fiye da yadda yake tofowa, shi ne ke so.

In za a sa, ka tsaya ka kalli mai aikin da idonka. Takalmi ake bugawa ya dace da kofato, amma wasu sai su ɗora ƙaramin takalmi su kankare kofaton ya bi shi don su huta, ni dai in na ga haka ba na sake kiran mutum. Ƙusoshi galibi 6 ne zuwa 8, ana shigar da su ta wajen farin layin nan da ke tsakanin bangon kofato da tafi, su ɓullo ta jikin bangon a lanƙwashe bakinsu, kuma ba a kai su can baya kusa da dunduniya don wurin yana ɗan buɗewa duk lokacin da doki ya taka. In ƙusa ta karkace ta taɓa nama, ko dai ya zabura nan take, ko bayan kwana biyu-uku ka ga ya ƙi taka ƙafar. Bayan an gama ka tsayar da shi a wuri mai shafe ka duba daga gefe, gaban kofato da gaɓar da ke samansa su tafi a layi ɗaya, sannan a ja shi ya yi sassarfa a gabanka. In ƙafar gaba ce ke ciwo za ka ga yana ɗaga kai sama daidai lokacin da ta taɓa ƙasa.

Sai kuma hatsi. Doki in ya samu buhu a buɗe ya ci ya wuce kima, abin kan sauka a kofato, cikin kofaton ya kumbura ya yi zafi, za ka gan shi ya miƙe ƙafafun gaba ya koma da nauyinsa baya kamar mai shirin zama, jijiyar bayan idon sawu tana bugawa da ƙarfi. Wannan ba na jira ba ne, ka janye hatsin, ka tsoma ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara, ka kira likitan dabbobi. Haka in ya taka ƙusa ta shige tafin, in dai ba ƙara nutsewa take ba gara ka bar ta likita ya ga inda ta nufa kafin a zare, kuma dan Allah ka tabbatar an yi masa allurar tatanas, wato cutar nan mai sandarar da jiki, don doki yana cikin dabbobin da cutar nan ta fi saurin kamawa.