Yadda ake shirin zaman share fage kafin a soma sauraron ƙara

A ƙarar bashi ko fili ko saɓa kwangila, akwai zaman da alƙali ke yi da ɓangarorin biyu kafin a kira shaida ko ɗaya. Sababbin lauyoyi da yawa sukan ɗauka zaman gaisuwa ne da saka rana, shi ya sa suke zuwa da fayil ɗin da ba su buɗe ba tun ranar da suka shigar da ƙara. Alhali a nan ake yanka wa shari'ar riga.

Fara da lissafin kwanaki. Kowace kotu da nata ƙa'idojin, ka ɗauko na wadda kake gabanta, bugun da ake aiki da shi yanzu. Dokokin Babbar Kotun Legas na 2004, waɗanda aka maye gurbinsu a 2012, alal misali, sun ba mai ƙara kwana 14 bayan an gama musayar takardu ya nemi a fitar da sanarwar zaman. In ya yi sake, wanda ake ƙara yana iya nema da kansa, ko ya roƙi a kori ƙarar. A kotunan tarayya na Amurka kuwa, doka ta 26 ta ƙa'idojin ƙararrakin da ba na laifi ba ta ce ɓangarorin su gana a ƙalla kwana 21 kafin zaman, su miƙa rahoto cikin kwana 14 bayan ganawar. Ranar da takarda ta ƙarshe ta shigo hannunka, ka rubuta wa'adin a bangon fayil da jan biro. Ni ban yarda da tunatarwar waya ita kaɗai ba.

Da sanarwa ta fito, ka leƙa rajistara ka ga shaidar an isar wa kowa. Zuwa ne na ɗan lokaci, ya fi a ɗage zama saboda wani ya ce bai samu ba.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Takardar bayanai da ke biye da sanarwar tana tambayar abin da ka amince da shi da abin da kake jayayya a kai, sai sabon lauya ya musanta komai daga sama har ƙasa, wai kada ya ba abokin hamayya ƙofa. Na sha ganin an tsaya ana gardama kan sa hannun da wanda ake ƙara da bakinsa bai taɓa musawa ba, alƙali ya sauke tabarau yana kallon lauyan. Abin da za ka yi shi ne ka zaunar da wanda kake wakilta tun da sauran mako guda, ku bi da'awar sakin layi bayan sakin layi. An ƙulla yarjejeniyar? An ƙulla. An karɓi kuɗin? An karɓa. To ina rigimar take? Sau da yawa ba ta wuce tambaya ɗaya ko biyu, kamar ko an kawo kayan a kan lokaci. Waɗannan kaɗai za ka rubuta a matsayin abin da kotu za ta warware. Kowane batu da ka musa ba dalili, shaida guda ka ƙara wa kanka, da kuɗin kawo shi, da zaman da za a ɓata a kansa, kuma aljihun wanda kake wakilta ne zai ji a jikinsa.

A wannan ganawar ka karɓi izini a rubuce: me za ka iya amincewa da shi, kuma in maganar sulhu ta taso, a ina zai tsaya. Alƙali zai tambaya. "Ranka ya daɗe, sai na tuntuɓe shi" amsa ce mai zubar da girma. Doka ta 16 ta kotunan tarayyar Amurka ma ta wajabta a ba lauya ikon amincewa da batutuwa kafin ya zo. In da hali, ka taho da wanda kake wakilta ya zauna bayanka. Wanda kuma ya rubuta ƙarar shi ya kamata ya je, kada a tura ƙaramin lauyan da aka miƙa wa fayil a mota.

Jera takardun hujja bisa kwanan wata, ka sa musu lamba, ka ware waɗanda ɗaya ɓangaren ba zai ƙi ba. Sunayen shaidu da lokacin da kowa zai ci su kasance a shafi ɗaya. Duk wata buƙatar gyara takardu ko ƙara wani cikin ƙarar, ka kawo ta yanzu.

Rashin zuwa ba wasa ba ne. A waɗancan tsofaffin dokoki na Legas, mai ƙara ya ƙi zuwa a kori ƙararsa, wanda ake ƙara ya ƙi zuwa a yanke hukunci a kansa, kwana 7 ne damar neman a soke. Bayan zaman, karɓi umarnin da alƙali ya rubuta ka karanta shi a ranar, don shi za a bi har ƙarshe, kuma canza shi daga baya sai da ƙwaƙƙwaran dalili.